Turmi a Saman Bene

Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida yayarka Hauwa da ƙannenka. Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya, ya ɗora ka a jirgi lafiya, ya sauke ka a Guangzhou lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin masu ba da shawarar banza. Wannan na ƙarshen da gangan na faɗe shi.

Na zaɓi in rubuta ne saboda a waya ba ka bari in kai aya. Ina buɗe baki sai ka ce, "Umma, ki bari kawai in zo." In ka zo ka yi me? Ni da kai ba za mu haɗu a garin nan ba. An ƙi sabunta mini biza, jirgina zai tashi kafin naka ya sauka. Shi ya sa na ba Hajiya Talatu, abokiyar kasuwancina da za ta koma Kano, takardar nan ta miƙa maka hannu da hannu. Ka samu wuri ka zauna kai kaɗai ka karanta ta har ƙarshe, ba a majalisar abokai ba.

Labari ya iso ni. Hauwa ta gaya mini abin da kake faɗa a gida, wai da ka sauka, tun kafin ka je jami'a ka yi rajista, za ka sayi sabon kwaɗo ka mayar a ƙofar saman bene, ka ga wanda ya isa ya taɓa rumfar uwarka. Wai Baffanka Habu ya ce maka Sinawa matsorata ne, kana ɗaga murya za su watse. Baffanka Habu! Mutumin da iyakar tafiyarsa Kwatano, shi ne yau masanin Sinawa? Wallahi da na ji sai da na ajiye wayar na zauna. Gidan nan da kake shirin yi wa wasan yara da gadon ubanku na saye shi. Rabonka, da na Hauwa, da na ƙannenka, duk suna cikin bangon nan. Kuma magana tana gaban kotu. Lauya ya gaya mini ƙarara, in muka sake tare wa mutane hanya, kotu tana da ikon riƙe gidan, har ta sayar da shi ta biya waɗanda aka yi wa ɓarna. To ka buɗe kunnenka ka ji yadda uwarka ta kawo mu nan, don na ga alama hanyar da na bi kake shirin bi, har da gudu.

Ka san sana'ata. Takalman mata nake saye a kasuwar Zhanxi Lu, in haɗa kwalaye, a kai tashar jiragen ruwa ta Nansha a loda a kwantena, ku karɓa a Kano. Shekaru na yi ina kwana a otal, ɗaki kamar akurki, ba wurin ɗora tukunya, ba wurin shanya zane. Da ubanku ya rasu aka raba gado, sai na ce maimakon dukiyar marayu ta narke a hannun dangi, gara in sa ta a bango. Lokacin ba a tsananta wa baƙi wajen sayen gida ba. Wani dillali ɗan garinmu, Alhaji Ɗanlami, shi ya kai ni benen. Gida ne a hawa na ƙarshe, ƙofa biyu ce kacal a hawan, tawa da ta maƙwabciya. Ya ja ni muka hau 'yan matakala, ya tura wata ƙofar ƙarfe, sai ga fili, ga sama, ga iska. Nasiru, rabon da in tsaya a fili ba mayafi a garin nan, ban ma san ranar ba. Ya ce, "Hajiya, ai wanda ke hawan ƙarshe shi ke da sama. Wa zai hau miki kai?" Na ce Alhamdulillahi, yau na samu tsakar gida.

Takardun sayen duk da Sinanci suke. Shi ya karanta, shi ya fassara, shi ya nuna mini inda zan sa hannu, shi kuma ya karɓi la'ada. Ka ga wauta? Ni da ba na sayen takalmi sai na juya shi, na murɗa dunduniyarsa, na shinshina gam ɗin, na tashi na sayi gida da bakin dillali. Abin da ke cikin takardar, wanda sai bayan ta ɓaci lauya ya karanta mini, shi ne daga ƙofata zuwa ciki nawa ne. Matakala, da lif, da bangon waje, da rufin sama, na kowa da kowa ne, tun daga mai hawan ƙasa har ni. Ko ƙasar da benen ke kai ba tamu ba ce, ta gwamnati ce, aron shekaru aka ba mu. A Kano in ka sayi gida, daga rijiya har saman soro naka ne. A nan ba haka ba ne. Don haka duk takardar da za a miƙo maka a garin nan, kada wanda zai ci riba da sa hannunka ya zama shi ne mai karanta maka, ko da ɗan unguwarku ne, ko da sahu ɗaya kuka yi sallar asuba. Alhaji Ɗanlami yana nan yana yawo da babbar riga. In ya hango ni sai ya tsallaka titi.

To ni da tsakar gidata, sai na shiga gyara. Na kira magina suka huda rufin suka kafa ginshiƙan ƙarfe, aka yi mini rumfar kwano. Na sa aka ja famfo don alwala da wanke-wanke. Na ɗaura igiyar shanya. Sannan na kawo turmi. Ka tuna turmin Inna, kakarka, wanda ya ɓace daga gida kuka yi ta cigiya? Ni na ɗauko shi, na naɗe shi da bargo na sako shi a jirgi, ma'aikacin filin jirgi har leƙa cikinsa ya yi yana kallona. A saman benen nan na daka yaji, na daka daddawa, na surfa geron da nake sa a kawo mini. In lokacin bajekolin Pazhou ya yi, matan Kano 'yan kasuwa suka cika gari, nan suke taruwa. Mu shimfiɗa tabarmi, mu tuƙa tuwo, mu yi hira da Hausa har muryarmu ta dushe. Ba zan yi maka ƙarya ba, duk zamana a ƙasar nan ban ji daɗi kamar na wannan lokacin ba.

Abin da ya kawo kwaɗo kuwa, ga shi. Mutanen benen suna hawowa su shanya barguna, ban ce komai ba. Sai lokacin sanyi ya zo, na hau da safe, na tarar an rataye nama jere a kan igiyata yana shan iska, kitse yana ɗiga kusa da sallayata. Al'adarsu ce, suna busar da nama a wannan lokacin. Na tambayi mai gadi naman mene ne, ya ɗaga hancinsa da yatsa ya yi gurnani. Alade, Nasiru. A kan igiyar da nake shanya hijabin sallata. Ranar ban ci abinci ba. Kafin la'asar na sayi kwaɗo ƙato na datse ƙofar, na rataye makullin a wuyana.

Kada ka ce ban nemi izini ba, na nema, amma irin namu. An ce mini masu gidajen benen suna da kwamiti, shugabansa wani dattijo ne, Tsoho Liyang. Na ce to, mai unguwa ke nan. Na ɗauki kilishi da dabino da turare na je gaishe shi, da tafinta. Ya karɓe ni hannu biyu, ya zuba mini shayi a ɗan kofin nan nasu da bai fi kurɓi ɗaya ba, na yi bayani, yana gyaɗa kai yana murmushi. Na fito ina cewa magana ta ƙare, babba ya yarda. Ashe gyaɗa kan nasa yana nufin ya ji ne kawai. Kuma ko da ya yarda, ba shi da ikon ba ni abin da ba nasa ba. Kuma shi ba mai unguwa ba ne da zai mutu a kan kujera ɗansa ya gada, zaɓensa ake yi, a sauke shi ranar da aka ga dama. Sun sauke shi kuwa, kuma rumfata tana cikin dalilan. Har yau ina jin nauyin dattijon nan, don ya ci kilishina ya rasa kujerarsa. Ka riƙe wannan: a benen nan ba mutum ɗaya da zai ce maka na yarda magana ta zauna. Abin da aka yanke a taro, shi ne kawai magana.

Taron kuwa ban taɓa zuwa ba. Mai gadi yakan tare ni a ƙofa ya ce, "Lauban," wato shugaba, haka suke kiran ɗan kasuwa, ya nuna mini ɗakin taro da hannu. Ni kuma in ce masa "meyo," babu, babu lokaci, in wuce kasuwa. Na ɗauka irin taron 'yan unguwa ne da ake zuwa a yi gardamar kwata a watse. Ashe kujerata tana nan a ajiye, ina da ƙuri'a kamar kowa tunda ina da gida. Shekara da shekaru ana zama a kaina, kujerata ba kowa. Wanda bai zo ba, wa zai faɗi nasa uzurin? Da na je sau ɗaya na ce musu, jama'a, naman nan haramun ne a wurina, a raba mana igiya, da wataƙila yanzu ba na rubuta maka wannan takarda.

Yanzu bari in gaya maka wanda ya fi ci mini rai. Maƙwabciyata, mai ɗaya ƙofar, wata tsohuwa ce, mijinta ya rasu, ɗanta yana aiki a wani gari. Ayi Fong nake kiranta, Ayi kamar ka ce Inna. Ita ta fara yi mini sallama a benen nan. Ita ta kai ni kasuwar kifi ta nuna mini wanda ba ya cutar baƙo. Da zazzaɓi ya kayar da ni, ita ta kawo mini kunun shinkafa, ta yi ta nuna mini tukunyar da hannu don in gane sabuwa ce, ba abin da aka taɓa dafawa a ciki. Ba ta jin Hausa, ba na jin Sinanci sai ɗan na ciniki, amma mun zauna lafiya. Dakan da nake yi a kanta yake sauka, ba ta taɓa cewa uffan ba. Wani lokaci in na sauko sai ta kwaikwayi dakan da hannu ta yi dariya.

Ruwan garin nan ba irin namu ba ne. In damina ta kama, sai a yi kwanaki sama ba ta ɗauke ba. Ashe a ƙarƙashin simintin rufin akwai kwalta da aka shimfiɗa don hana yoyo. Maginana sun huda ta, famfona yana jiƙa ta kullum, turmina yana girgiza ta safe da yamma. Ruwa ya samu hanya. Bai sauka a ɗakina ba, sai ya bi ta gefe ya sauka a nata, a daidai kabad ɗin da take ajiye kayan mijinta, rigunansa da hotunansu na aure. Ta je wurin ɗanta ta yi 'yan makonni, ta dawo ta tarar komai ya yi baƙi da funfuna.

Ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da hantsi, tana riƙe da hoto a hannu. Fuskar mijin ta narke, sai kafaɗu kawai. Tana magana tana nuna sama. Ni kuma ranar an riƙe mini kaya a Nansha, raina a ɓace, ga shi na riga na ji ƙishin-ƙishin ana maganar rumfata. Sai na ɗauka turo ta aka yi. Ka san me uwarka ta yi? Na ce mata "meyo, meyo," na rufe ƙofa a fuskarta. Matar da ta sayi sabuwar tukunya saboda ni. Kai kuma kana can kana cewa za ka zo ka ƙwatar mini haƙƙi! Wane haƙƙi? In maƙwabci ya zo maka da kuka, Nasiru, ko kana ganin ƙarya yake, sa takalminka ka bi shi ka gani da idonka. Taku kaɗan ne tsakanin ƙofata da tata, ban taka ba.

Daga nan komai ya zo a jere. Ɗanta ya zo ya kai ƙara. Sabon kwamiti ya shiga cikin ƙarar, don rufin nasu ne duka. 'Yan kwana-kwana suka zo suka datse kwaɗona da almakashin ƙarfe, suka ce ƙofar nan hanyar tsira ce in gobara ta tashi. Na tsaya a matakala ina zazzaga musu masifa da Hausa. Da na koma ɗaki na zauna sai jikina ya yi sanyi. Benen nan cike yake da yara da tsofaffi. Da wuta ta kama a ƙasa suka gudo sama, ƙofa a datse za su tarar, makulli yana wuyana ina Zhanxi Lu ina cinikin takalmi. Wannan kwaɗon kake so ka mayar? Da hankalinka?

Kada ka ɗauka na wanke su tas. Ina jin haushinsu har gobe. Shekaru muna haɗuwa a lif, ana gaisuwarsu ta "ni hau, ni hau," ana murmushi, ba wanda ya taɓa duban idona ya ce Hajiya, abin da kike yi ba daidai ba ne. Akwai wani mai hawan tsakiya da yake toshe hanci in na shigo lif, kuma shi ya fi kowa zaƙewa a maganar, na san ba yoyo ne ya dame shi ba, fatata ce. Za ka gan shi, za ka ji kamar ka shaƙe shi. Kada ka kula shi. Yana da mugun hali, amma a wannan maganar doka tana bayansa, kuma in ka taɓa shi ka ba shi abin da yake nema. 'Yan uwanmu kuma, da suka sha fura a rumfar nan har suka gaji, shawararsu ɗaya ce, wai in nemi wanda zan ba wani abu a rufe maganar. In wani ya kawo maka wannan shawarar, ka tashi ka bar masa wurin. Kai ɗalibi ne, bizarka a hannun hukuma take, kuskure ɗaya za su sako ka a jirgi, karatu ya tafi, gida ya tafi.

Ga inda aka tsaya. Lauyana, da na kwamiti, da ɗan Ayi Fong sun zauna sun tsara sulhu. A rushe rumfa, a cire famfo, a sake shimfiɗa kwalta kafin damina, mu ɗauki nauyin ɓarnar da muka yi, ƙofa ta zauna a buɗe. In masu gidaje suka amince a taro, ita kuma Ayi Fong ta yarda ta janye, kotu za ta rufe magana, gida ya tsira. Taron zai zo bayan na tafi. Na sa hannu a takardar wakilci, tana wurin lauya, kai ne ni a ranar. Za ka yi wanka ka sa kaya masu mutunci, ka je da wuri, ka tafi da tafintan da lauya zai ba ka, ba wanda Alhaji Ɗanlami zai turo ba. Ka zauna a kujerar da na bari ba kowa. Za su faɗi maganganu a kaina, wasu gaskiya, wasu ƙari. Ka haɗiye. In aka zo tambayar wa ya yarda a rushe rumfar Hajiya, kai za ka fara ɗaga hannu.

Na san abin da zuciyarka take gaya maka yanzu, wai ɗa ba ya ɗaga hannu a rushe abin uwarsa. Ni na haife ka, ni na gina rumfar, ni kuma na ce ka ɗaga. In ka ƙi, kada ka ce don ni ka yi, don girman kanka ka yi, kuma kai za ka tsaya gaban ƙannenka ka gaya musu inda gadon ubansu ya tafi. Ban yafe maka ba in ka sayi kwaɗon nan. Ka ji na faɗa, kuma ka san ban taɓa gaya maka irin wannan maganar ba.

Turmin na sauko da shi jiya da rana. Ban kira kowa ba, na ce abin da na hau da shi da girman kai, ni zan sauko da shi. Lif ba ya kaiwa sama, sai matakala. Ina mirgino shi, ina tare shi da gwiwa, ina haki, bayana kamar zai tsinke. A tsakiyar matakala ya kufce mini ya bugi bango, ƙarar ta cika hawan. Sai na ji an buɗe ƙofa. Ayi Fong ce. Tun ranar hoton nan ba ta sake duban inda nake ba, na ƙwanƙwasa mata ya fi a ƙirga ba ta buɗe ba. Ta tsaya tana kallona, ni da turmi, zufa tana zuba, ɗankwalina ya zame. Sinancin nawa duk na ciniki ne, ba kalmar ban haƙuri a ciki. Ba ta yi murmushi ba. Ta tako a hankali ta tura ƙofata da na bari a sakaye, ta riƙe ta da kafaɗarta har na shigar da turmin. Na ce "shiye-shiye," na gode. Ta juya ta shige gidanta ta rufe. Iyakar abin da na samu ke nan, kuma ban san ko ya isa ba.

Turmin yana bayan ƙofa, na kife shi. Kada ka daka komai a ciki. An ce mini ranar taro Ayi Fong tana zama a layin gaba, gefen taga, 'yar ƙarama ce mai furfura, idonta ba ya gani sosai. Don haka in za ka ɗaga hannun, ka miƙe tsaye ka ɗaga shi sosai yadda za ta gani.

Allah ya kai ka lafiya, ya tsare gabanka da bayanka, ya sanyaya maka zuciya a inda tawa ta ƙi sanyi, ya ba ka ilimi mai amfani da maƙwabta na gari, ya sa kai ma ka zame musu na gari. Allah ya jiƙan ubanku, ya tsare muku abin da ya bari. Allah ya yi maka albarka.

Wassalamu alaikum.

Ummanka